Wai wane ne jarumi? Fashin baƙi a kan kalmar da ta yi araha

Kalmar jarumi ta yi araha a zamanin nan, arahar da har ta fara ba ni haushi. Yaro ya fito a fim sau biyu yana riƙe wa wani jaka, jarumi. Wani ya zagi minista a Facebook daga ƙuryar ɗakinsa da sunan da ba nasa ba, jarumi. Matashi ya ɗaga ƙarfe har hannun rigarsa ya kusa yagewa, dare ya yi ya tare lungu da adda, abokansa na ce masa jarumi. Sannan sojan da ya tsaya a bakin daga har aka ɗauko gawarsa, shi ma da wannan kalmar dai za a yi masa ta'aziyya a rediyo. To in kalma ɗaya ta ɗauki mutum huɗun nan, ko dai ta yi faɗin da ba ta nufin komai, ko kuma uku daga cikinsu aron ta suka yi, ni kuwa na biyun nake gani.

Bari mu fara da ita kanta kalmar, wannan ba zai ɗauke mu lokaci ba. Namiji jarumi, mace jaruma, da yawa jarumai. Halin kuma za ka ji jarumta, jarunta, jarumtaka, jaruntaka, duka ana faɗa kuma duka Hausa ce, kar wani ya tada jijiyar wuya a kan m da n. Abin lura shi ne yadda take zama a baki: an fi cewa wane ya yi jarumta ko ya nuna jarumta, wato abu ne da ake yi a rana kaza a wuri kaza a gaban idon mutane, ba riga ba ce da mutum zai saka ya yi ta yawo da ita. A masarautu da dama har sarauta ce, Jarma ko Jarmai, wadda asali ake bai wa wanda ya yi fice a fagen fama, ko da yake yanzu ana naɗa ta ga wanda bai taɓa hawa doki ba sai ranar naɗin, wannan kuma wata magana ce.

Hausa ba ta da talaucin kalmomi a wannan fannin, shi ya sa ma abin ke ba ni mamaki da muka ɗora komai a kan guda ɗaya. Akwai barde, shi mayaƙi ne na kan doki. Akwai sadauki, wanda ya fi zama a bakin masu ba da labaran da da mawaƙa, mutum guda da ke tarar runduna. Akwai gwarzo, shi juriya da rashin gajiya ne nasa, don haka babu laifi a ce gwarzon manomi ko gwarzon shekara. Akwai bajinta, aikin da aka yi ya burge, ko ɗan lakwal da ya zo na ɗaya a jarrabawar bak, ta ƙarshen sakandare, ya yi bajinta, ba sai an zub da jini ba. Akwai mazantaka da ta maza, "ka yi ta maza" da ake ce wa wanda aka yi wa rasuwa ko wanda za a ɗora wa karaya. Akwai ƙarfin hali, wanda shi baki biyu gare shi, yana zama yabo yana zama zagi, ai kun san ƙarfin hali ɓarawo da sallama. Sai kuma can gefe ƙuru da ganganci da tsageranci, waɗanda duk suna kama da jarumta in ka hango su daga nesa, kuma a nan ne rikicin yake.

Don kuwa abin da yawancin samari ke ɗauka jarumta shi ne rashin tsoro, shi ke nan. Wanda bai jin tsoro jarumi ne. To in haka ne mahaukacin da ke tsallaka titi a gaban tirela ya fi kowa, haka yaron da ya haɗiyi tramol ya hau moto ya saki hannu a kan kwalta. Bahaushe bai taɓa kiran waɗannan jarumai ba, ganganci yake cewa, in an mutu a ciki ma a wurin zaman makoki za ka ji ana raɗa cewa shi ya jawo wa kansa. Jarumi ya san abin da ke gabansa sarai, ya auna shi, cikinsa ya ɗuri ruwa kamar na kowa, sannan ya tsaya. Tsoron yana nan, bai dai bar shi ya riƙe linzami ba. Shi ya sa tsofaffin sojoji, mazan jiya, in ka zauna da su ba ka cika jin suna cewa ba su taɓa jin tsoro ba, mai faɗin haka galibi bai je ko'ina ba.

Amma ko wannan bai isa ba, don ɗan fashi ma ya san haɗarin da ke cikin aikinsa, yana jin tsoro, kuma yana dannewa ya tafi. Me ya hana a kira shi jarumi? Tambayar da Bahaushe ke yi ba tare da ya furta ta ba ita ce, don wa aka yi? Wa ya kwana lafiya saboda wannan tsayuwar? Da kuma ta biyu wadda ita ce aka fi mantawa da ita: da ya samu galaba, a ina ya tsaya? Jarumta rabinta shiga ne, rabinta janye hannu. Wanda ya iya na farko bai iya na biyu ba sunansa daban, azzalumi ne mai ƙarfi, kuma muna da su da yawa a tarihi da kuma a unguwa.

Wannan rabin na biyu ba ƙirƙirar yau ba ne. Duk wanda ya yi zaman makarantar zaure ya ji hadisin Abu Huraira, cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kada mutane a kokowa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi. Ya kuma ji wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, kar a kashe mace, kar a kashe yaro, kar a kashe tsoho tukuf, kar a sare itace mai ƴaƴa, kar a rushe gini. A al'ada ma haka take tun kafin mu iya kawo nassi: ba a dukan wanda ya faɗi, ba a bin wanda ya ba da baya ya jefar da makami, namijin da ya ɗaga hannu a kan mace rago ake ce masa ko da ƙirjinsa ya kai faɗin ƙofar zaure, kuma wanda ya shigo gidanka ya ce na faɗa hannunka to ya zama amana ko da jiya kun yi rigima.

To mu zo gida, don mu Damagarawa in ana maganar jarumta ba ma rasa sunan da za mu kira. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaukaka garin nan na Zinder, ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa ana ƙera igwa a nan cikin gari ana haɗa albarushi, ga ƴan bindiga ga ƴan lifida, har Damagaram ta zama ƙasar da Kano da Borno ke lissafi da ita. Ɗansa Amadu kuwa laƙabinsa ma ya isa bayani, Kuran Daga, daga ita ce sahun yaƙi, kura kuma kun san abin da take yi in ta shiga garke. Ya kai yaƙi har ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. A ƙarshen watan Yuli na 1899 ya fita ya tari sojojin Faransa a Tirmini, dawaki da takubba da bindigogin gargajiya a gaban bindigogin zamani, aka ci su, ya fice daga gari, aka bi shi aka kashe shi a Rumji cikin watan Satumba na shekarar. Yana iya miƙa wuya ya riƙe rawaninsa, wasu sarakunan haka suka yi daga baya, shi bai yi ba. In aka ce Tirmini jarumta ce ni ba ni da ja, ya san abin da ke tafe, ya san ɓarnar da suka yi a hanya, kuma garinsa yake karewa.

Amma akwai wurin da nake so mu daure mu tsaya, don fashin baƙi muke yi ba kirari ba. Shekara guda kafin Tirmini, kyaftin Kazamaju na sojan Faransa ya iso Zinder a 1898 a kan hanyarsa ta zuwa wajen tafkin Cadi, aka sauke shi, ya yi makonni a gari, ranar 5 ga watan Mayu aka kashe shi tare da tafintansa. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne fargabar da fada ke yi cewa zai je ya haɗa kai da Rabe, wanda ya riga ya murƙushe Borno, su dawo su cinye Damagaram. Wannan fargabar ba ta banza ba ce, kuma abin da ya biyo baya ya nuna Turawan ba ziyara ta kawo su ba. To amma ita kanta kisan, jarumta ce? Na sha jin ana haɗa ta da Tirmini a numfashi ɗaya, ni kuma ina ganin ba su zama ɗaya ba. Kisan Kazamaju siyasa ce, dabarar mulki ce, za ka iya cewa yaƙi ɗan zamba ne kuma ka kare ta da hujja mai ƙarfi, amma mutum ne da aka kira ya zo ba cikin shirin faɗa ba, ba a fagen daga aka gamu da shi ba. Bahaushe na da kalmomin wannan, hikima, dabara, kaifin tunani, wani ma zai ce yaudara. Jarumta dai a Tirmini take. Kuma raba su ba ya rage wa Kuran Daga komai, sai ma ya sa yabon da ake masa ya zama mai nauyi, don an san ba komai ake shafa wa kalmar ba.

Haka kuma in za mu yi adalci, yaƙe-yaƙen wancan zamani ba duka na kare kai ba ne, da yawa hari ne na kamo bayi da kwasar dukiya, mu mun kai wa wasu, wasu sun kawo mana. Barden da makaɗa ke wasawa a ƙofar fada da yamma, a ƙauyen da ya ƙone da asuba ba jarumi suke kiransa ba. Wannan ba zagin kakanni ba ne, kowace masarauta ta lokacin haka take, amma yana nuna maka cewa kalmar tana da gefe, kuma kafin ka amince da ita yana da kyau ka tambayi wanda ke ɗaya gefen.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne su Bule da Shanuwan, hafsoshin Faransa biyu da suka jagoranci rundunar da ta ratso ƙasar nan a 1899. Ta fuskar rashin tsoro ba za ka ce musu ragwaye ba, sun ratsa ƙasar da ba su sani ba, ga ƙishirwa ga nisa. Amma abin da suka bari a baya gawarwaki ne da toka, Birnin Ƙonni kaɗai a watan Mayu abin da aka yi mata ya isa, mata da yara ba a bari ba. Har gwamnatinsu ta turo kanar Kulob ya tsayar da su, Bule ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙaƙe suka juya musu suka kashe su, kaburburansu na nan a Maijirgi a kan hanyar Tasawa. Ragowar wannan rundunar ce ta ƙaraso Tirmini. Ƙarfin hali kam suna da shi har ya yi yawa, iyaka ce babu, shi ya sa ko a ƙasarsu ba a cika son tuna su ba. Sarauniya Mangu kuwa da ta tare su a Lugu cikin watan Afrilu, ta yi faɗa, da ta ga abin ya fi ƙarfi ta janye da mutanenta cikin daji, kuma babu wanda ya taɓa cewa wannan janyewar ta cire ta daga sahun jarumai. Wanda ke da mutane a bayansa ba ya mutuwa don a yabe shi.

Yanzu mu dawo zamaninmu, wurin da abin ya fi damuna. Duk ɗan Zinder ya san fada, wato majalisar hirar samari, ya san kuma pale, ƙungiyoyin samarin nan da suka yi tashe a unguwanni, musamman wajen su Kara-Kara, masu ɗaga ƙarfen da aka haɗa da siminti da tsofaffin kayan mota, masu sunayen da aka aro daga finafinan Amurka. Ba na cikin masu yi musu kuɗin goro, da yawansu yara ne da aka haifa a unguwar da gari ya daɗe da juya wa baya, ba lakwal ba sana'a, kuma wasunsu sun shiryu sun kama kabu-kabu ko gadi ko saida esansi a bakin hanya. Amma ma'anar jarumta da ke yawo a tsakaninsu ita ce matsalar: tabon wuƙa nawa ke jikinka, sau nawa ka shiga kaso ka fito, wa ke canza hanya in ya hango ka. Wato ana auna jarumi da yawan masu tsoronsa. A Hausar da muka gada kuwa ana auna shi da yawan waɗanda suka daina jin tsoro saboda yana nan. In ɗan unguwa jarumi ne, yarinyar da aka aika sayen maganin sauro bayan isha'i ita ya kamata ta fi kowa sanin haka, ta ratsa ta gaban fadarsu hankalinta kwance. In kuwa sai ta zagaya ta wani lungu don kar ta bi ta gabansu, to an gama magana, ko nawa ne nauyin ƙarfen da suke ɗagawa.

Kuma abin da ke ba ni takaici, goma a kan ɗaya. Ka ji an ce ƴan pale kaza sun tare yaro guda na wata unguwa sun sassare shi, sannan su koma suna ba da labari ana shewa. Yo ina jarumtar? Ko a dambe, wanda shi ma ba wasan yara ba ne, mutum ɗaya ake sa wa mutum ɗaya, in ya kai ƙasa an kashe ke nan, a raba.

Je ka filin kokowa na Langa-Langa in ana gasa ka ga yadda abin yake a wurin waɗanda ƙarfi ne sana'arsu. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, abin da ƴan kallo ke so a wurin ɗan kokowa bai canza ba. Zai shigo da layu da guraye, ya yi kirari har gashin jikinka ya tashi, ya ce shi ne kaza shi ne kaza, amma in ya kada abokin karawarsa sai ka ga ya miƙa hannu ya tashe shi, su rungumi juna, wani har ya kakkaɓe masa ƙasa. Wanda ya kada mutum ya tsaya a kansa yana masa gwalo, ko ya ci takobi mutane ba sa ƙaunarsa. Wanda aka kada kuma ya tashi ya yi murmushi ya fita ba rigima, shi ma ana ce masa namiji.

Kirarin nan ma yana da kyau a ɗan tsaya a kansa, don wani zai ce ai ga shi jarumai na yabon kansu. Gaskiya ne, ɗan kokowa da ɗan dambe da ɗan tauri da maharbi duk suna kirari, amma kirari bashi ne mutum ke ci a gaban jama'a, yana gamawa za a ce to bisimilla, ga fili. Ɗan mahautan da ya yi kirari ranar hawan ƙaho, bijimin na nan a ɗaure yana jiran sa, ba zai ce sai gobe ba. Bafulatanin da ya shiga sharo ya ɗaga hannu ya riƙe madubi, bulala za ta sauka yanzun nan kuma kowa na kallon fuskarsa. Jarumin Facebook shi ne ya samo hanyar cin bashin ba tare da ranar biya ba. Ban ce duk mai magana a intanet haka yake ba, akwai waɗanda suka faɗi gaskiya da sunansu da hotonsu suna zaune cikin ƙasa suka kuma ɗanɗana kuɗarsu, waɗannan daban. Ina nufin mai zuga ƴaƴan mutane su fito titi shi yana wata ƙasa yana shan shayi.

Mun ga bambancin nan da idonmu a watan Janairu na 2015, ranar Juma'ar da aka fito zanga-zanga a kan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta yi, abin ya rikiɗe aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka. Ɓacin ran na gaskiya ne, babu musulmin da bai ji shi ba. Amma a cikin taron dubban mutane, jefa ashana a gidan maƙwabcin da bai zana komai ba bai buƙatar zuciya, taron ne ke ɗauke da kai. Waɗanda suka buɗe ƙofa suka shigar da maƙwabtansu kirista cikin iyalinsu suka tsaya a bakin zaure, su ne suka yi abin da zai iya jawo musu asara a ranar, su kaɗai, ba mai tafa musu. In ana neman inda za a ajiye kalmar jarumta a wannan ranar, can ne wurinta.

Sojojinmu kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Inates a watan Disamba na 2019, an kashe soja 71. Cinagodar a watan Janairu na 2020, soja 89. Ga waɗanda suka kwanta a yankin Difa tun daga 2015. In aka ce musu jarumai kalmar ta koma gidanta. Sai dai ko a nan ina da ƙorafi guda, kar kalmar ta zama abin da ake rufe bakin iyalansu da shi, a kira mutum jarumi ranar jana'iza sannan matarsa ta yi ta zarya da takardu.

Maganar ƴan fim ba zan ja ta ba. Da muna yara a gidan silima akta muke cewa da shef bandi, akta shi ne wanda ba ya mutuwa. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano aka buƙaci sunan babban ɗan wasa sai aka ɗauko jarumi da jaruma, daga baya ta zarce kan duk wanda kamara ta haska. Ya riga ya zauna, ba mai tada shi, kuma ba na jin akwai wanda ke ruɗewa ya ɗauka jarumin fim zai tare masa ɓarawo. Sunan sana'a ne kawai yanzu. Haka in aka ce jarumin tuwo ko jarumin baki, kowa ya san zolaya ce, kuma zolayar ma tana aiki ne don an san ainihin ma'anar.

Inda na fi son a yi hattara shi ne wajen mata. Hausa ta ɗaure jarumta da maza sosai, namijin ƙoƙari, ta maza, mazan fama, har in mace ta yi abin a zo a gani sai a ce ai wance namiji ce, kamar ba za a iya yaba mata da sunanta na mace ba. Alhali jaruma kalma ce cikakkiya. Matar da mijinta ya tafi Libiya ko Legas shekara da shekaru ba aike, ta riƙe yara da surfe da dakau da saida ƙosai, ga wahalar ruwan garin nan da kowa ya sani, ta tashi tsakar dare ta bi layin famfo, ba wanda zai yi mata kirari amma duk sharuɗɗan da muka lissafa ta cika su, ta san wuyar, ta tsaya, kuma don wasu ta tsaya.

Sai dai ita wannan kalmar ana cutar da mata da ita ta wata hanyar. Yarinya ƴar fari tana naƙuda, tsofaffi na ce mata ki daure, jaruma ba ta kuka, kar ki ba mu kunya, ta kwana ta wuni ta sake kwana a ɗaki tana cije baki, ba a tafi matanite, asibitin haihuwa, ba sai da abu ya ɓaci, a rasa ɗan ko ita ta tashi da yoyon fitsari. An ɗauki dauriya an sa mata rigar jarumta, alhali ba wanda wannan shirun ya cece shi. A irin wannan ɗakin wadda ta yi jarumta ita ce ƙanwar uwa ko kishiyar uwar da ta miƙe ta ce wa manya a'a, a nemo mota yanzu, ta ɗauki zagin rashin kunya a kanta. Haka matar da ake duka kullum ana ce mata jarumar mata ce don ba ta kai ƙara, wannan yabon mai dukan kawai yake amfana.

Akwai kuma wata magana wadda har yau in aka tada ta a fada ba a rabuwa da baki ɗaya. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kusan dukkansu mata ne da yara, kuma yawancinsu daga yankin Kance suka fito, nan kusa da mu. Wasu na cewa ganganci ne tsantsa, uwa ta ɗauki ƴaƴa ta shiga hamada da su don bara. Wasu na cewa ku je ku ga rumbunan da suka baro tukuna, macen da ta san hanyar na kisa ta kuma bi ta don yara su ci, me za a kira ta? Ni a nan ina karkata ga cewa zuciyar ta jarumai ce amma aikin bai zama jarumta ba, saboda yaran da aka yi tafiyar dominsu su ne aka sa a cikin haɗarin, kuma ba a tambaye su ba. Wani dattijo da muke zama da shi ya ƙi yarda da ni sam, ya ce ni ban taɓa kwana uku ina kallon yaro na kukan yunwa ba, in na taɓa sai in dawo mu yi maganar. Mata daga wannan yankin dai ba su daina bin hanyar ba bayan 2013, ana maido su a motoci daga Aljeriya ta Agadas, wasu su huta su sake komawa.